Ruwan da Choji Ya Miƙa da Hagu

Anti Dorkas, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa.

Da akwati ɗaya na shigo ƙasar nan ta Amurka. Da wankin mota na fara, yau ga garejina ga gidana a Bowie, ba wanda ya ba ni. Ɗana Choji yana wasan besbol a makarantarsu, wasan da ake jefa ƙwallo wani ya buge ta da sanda, shi mai jifa ne. Ba shi ke fara jifa ba, ajiye shi ake a wani shinge can gefen fili, sai wasa ya rikice koci ya ɗaga hannu a buɗe masa ƙofa ya tako tsakiyar fili ya karɓi jifa. Anti, da ma kin ga wannan tafiyar. Rana ta yi sanyi, ciyawa kore shar, yaro yana takowa a hankali kamar filin na ubansa ne. Ko ina kwance ƙarƙashin mota sai in riƙa ganinta, har in hango shi a babban filin Baltimore, ana kiran sunanmu a rediyo.

Kusan kowane wasa kocin yana sa shi. Abokina Katung ya ce za a ƙarar da hannun yaro, ni na ce wanda aka yarda da shi ake kira. Mun sha musu har matanmu sun gaji.

To ran Lahadi dattawan cocinmu suka zo, Choji ya miƙa wa babbansu ruwa da hagu. Na yi masa faɗa a gabansu, na ce Amurka ta lalata shi. Ashe ya kwana biyu ba ya iya ɗaga hannun dama da yake jifa da shi, uwarsa ke sa masa ƙanƙara a ɓoye, wai kada raina ya ɓaci. Ga shi mako mai zuwa masu neman 'yan wasa daga jami'o'i za su zo. In je in ce koci ya hutar da shi? In damar ta wuce fa?

Wani uba a Bowie

Baban Choji, sannu da ƙoƙari. Burinka ba laifi ba ne, kuma da gaskiyarka, koci ba ya kiran wanda bai yarda da shi ba. Amma Katung ma da tasa. Ka kai yaro wurin likita a makon nan, sannan ka sami koci da abin da likita ya ce, cikin lalama. Mutanen jami'a suna dawowa baɗi, in hannun yana nan.

A gaban dattawa ka kunyata shi, to a gabansu za ka faɗi dalilin hagun. Yau kuma ka karɓi ƙanƙarar daga hannun uwarsa, kai ka sa masa.

Allah ya ba shi lafiya, ya nuna maka tafiyar nan shekaru masu yawa.