Randar da Ta Girmi Gidan

Yerevan, 2 ga Satumba

Yaya Zaruhi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Albishirinki! Gidan tarihi na son randar giyar Kaka Vazgen, har da allo mai sunansa. Matsalar ɗaya ce, kin san sai da aka binne ta kafin a gina ɗakin a kanta, ba za ta bi ta ƙofa ba. Za a fasa bango, amma za su gyara.

Ƙaninki,
Hrachya

Aghavnadzor, 9 ga Satumba

Hrachya,

Na amsa gaisuwa, gwiwa tana nan inda ka bar ta. Wato bango za a fasa! Lokacin da hukuma ta ce inabin ƙauyen nan duk na masana'anta ne, Kaka ya lulluɓe bakin randar nan da ciyawa, ya ɗaure jaki a kai, bai fasa cika ta ba ko shekara ɗaya. Abin da ya gagari hukuma, kai ne za ka yi da allo? Ban yarda ba.

Yayarka

Yerevan, 16 ga Satumba

Yaya,

Ina gaisuwa. Don Allah a bar tsiya. Tun rasuwar Baba, shekara goma sha ɗaya, ba abin da ke cikinta sai gizo-gizo. Ke kaɗai ce a gidan, shekarunki sittin da takwas. Tsorona ta fashe a banza bayan ranmu. Muna tafe da ma'aikata ranar biyar ga Oktoba.

Hrachya

Aghavnadzor, 1 ga Oktoba

Ƙanina,

Barka da ƙoƙari. Maganar gizo-gizo ta yi min zafi, don gaskiya ce. Sai na zura tsani na shiga cikinta, na kankare, na shafe ta da kakin zuma mai zafi yadda Baba ke yi. Araksi maƙwabciya tana leƙowa tana ta ihu: "Zaruhi, in kin maƙale, da ke za a kai gidan tarihin!" Mun tattake inabin bayan gida kaf, da gwiwar nan da kake tausayi. Yanzu randa cike take har wuya da ruwan inabi, yana tsima yana kumfa, daga gadona ina jin sa.

Ka zo da mutanenka. Ba a ɗaga randa da giya a ciki, sai ka fara kwashewa ka zubar a tsakar gida da hannunka. Inabin da Baba ya shuka ranar da aka haife ka ne. Na ajiye maka guga a bakin ƙofa, kofin shan giya kuma yana kan tebur.

Sai ka iso,
Zaruhi