Takalman Baba a Bakin Ruwa

Zuwa ga Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Rabi da yara. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Mu nan Wara lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Ka san duk Asabar ina zuwa Yelwa wurin Hajiya Asabe, tsohuwar marubuciyar da ke koya mini rubutun littafi. Satin da ya wuce na kai mata labarin wani masunci da kwalekwalensa ya kife. Ban gaya mata Baba ne ba. A ƙarshe na sa aka tsamo shi da rai.

Da ta gama karantawa sai ta cire tabarau, ta ce, "'Yar nan, shafi tara kina gaya mini gaskiya, a na goma kika ji tsoro. Me kika gani ranar? Shi za ki rubuta."

Yaya, abin da na gani takalmansa ne a bakin ruwa, inda ya saba ajiye su, har la'asar ba wanda ya iya ɗauka. Shi na rubuta. Da na karanta wa Inna, sai ta ce takalman suna ƙasan akwatinta. Shekara takwas ban sani ba.

Ka gaida Anti da yara. Ka sa Baba a addu'a, ni kuma ka yafe mini. Wannan karon, a labarin, da hannuna na bar shi cikin ruwa.

Ƙanwarka,
Hauwa