Goron Gwangwani da Goron Ganye

Litinin, 4 ga Mayu, 1998

Direkta Abdulwahid, shugaban makarantarmu, ya kira ni ofis da safe kan maganar Afra'u, yarinyar da aka kawo mini daga Tawa a watan Oktoba. Shekararta sha ɗaya, ta fi kowa tsawo a ajin CE2, kuma har yau ban ji jimla ɗaya ta Faransanci daga bakinta ba. Ya ce kawunta Alhaji Kailu, mai goro a kasuwar Adjamé, ya zo ya faɗa masa ƙarara: in aka ce ta maimaita aji, zai cire ta, ta zauna gida tana tsintar goro da matansa. Hukuncin yana hannuna, ran taron malamai na ƙarshen shekara.

Na ce a ba ni wata ɗaya. Shekara tara ina koyarwa a makarantar Bracodi, ban taɓa gamuwa da bakin da ya gagare ni buɗewa ba.

Talata, 5 ga Mayu

Na fito da sambol daga durowa. Ƙoƙon katantanwa ne da igiya. Duk wanda ya yi wani yare ban da Faransanci a darasina, a rataya masa a wuya har ya kama wani. Wanda aka tashi yana wuyansa, shi ke share aji. Da shi aka koya mini a Treichville, kuma ga ni nan, ban mutu ba. Na ɗan yi sakaci da shi bana, shi ya sa.

Sadi, shugaban aji, shi na sa ya riƙa saurare. Kunnen yaron nan kamar na zomo.

(Ni kuma ga ni ina rubutu da Hausa. To, wannan littafina ne, ba aji ba.)

Juma'a, 8 ga Mayu

Kwana huɗu, sau huɗu Afra'u ta share aji. Yanzu ta daina magana gaba ɗaya, ko da Hausar. Haka ake farawa.

Litinin, 11 ga Mayu

Shirin baje kolin ranar iyaye ya kammala a kaina, kuma wallahi ya yi kyau. Goro! Rabin iyayen ajina da shi suke ci. Lissafi: auna kilo. Labarin ƙasa: taswirar hanyarsa daga Anyama, inda ake nomansa, zuwa arewa. Faransanci: rubutu kan ziyarar kasuwa. Zane: ganye da ƙwaya. Kimiyya kuma ita ce babbar. Sauran malamai waƙa da wasan kwaikwayo za su yi kamar kullum, sai su yi ta yi.

Ran Alhamis za mu fita. Direkta ya yarda bayan na yi masa magana sau uku.

Alhamis, 14 ga Mayu

Ƙafafuna kamar ba nawa ba, amma sai na rubuta.

Yara arba'in da uku na tasa a gaba, kowa riƙe da kafaɗar na gabansa, muka ratsa kasuwar Adjamé. Masu turin kura na ihu, mu ma muna ihu. Ban rasa ko ɗaya ba, alhamdulillahi, sai takalmin Fadimatu ƙafa ɗaya da ya tafi a kwata.

Rumfar Alhaji Kailu duhu-duhu, sanyi-sanyi, huhunan goro har rufi. Sadi ya miƙe da takardarsa ya jero tambaya da Faransanci kamar mai labarai a talabijin. Alhaji ya amsa da Hausa, yaro ya tsaya baki buɗe. Sadi fa ɗan Gwadabe mai shigo da kaya ne, Bakano ciki da bai, amma Hausarsa ba ta kai ba! Sai ni na yi tafinta. Afra'u ta durƙusa ta gai da kawunta, Sadi ya waiwayo ni yana nuna wuyansa. Na harare shi. Gaisuwa dai ba a kama ta.

Sun auna, sun rubuta, sun ga fari sun ga ja. Da za mu tafi Alhaji ya ƙirga mana ƙwarya ɗaya, goro ɗari cif, a ɗan kwando da ganye. Na ce gwaji za mu yi da shi na ajiya. Ya ce, "Madalla, Malama. A dai kula da shi, ba ya son wulaƙanci." Na ce kar ya damu.

Daga nan mota ta haye da mu gada zuwa Treichville. Rabinsu ba su taɓa ganin lagun, babban ruwan da ya raba garin, daga sama ba, ihu kamar motar za ta kife. Muka tsaya inda ake hango jiragen ruwa, na nuna musu wajen da Babana ya yi shekara ashirin yana dako. Suka ci alloko, soyayyar ayaba, suka ɓata rigunansu da manja. Afra'u ta daɗe tana kallon ruwa. Na tambaye ta sunansa da Faransanci, ta sunkuyar da kai.

Juma'a, 15 ga Mayu

Gwaji ya tashi. Na yi musu bayani a allo: iska ce ke kawo ƙwayoyin cuta, su ke lalata abinci, shi ya sa madarar gwangwani ke shekara. Saboda haka goro hamsin na wanke, na zuba a baƙar leda, na ɗaure tam, na sa a babban gwangwanin madara, na zagaye murfin da salatif. Ba mai buɗewa sai ranar iyaye, 6 ga Yuni. Sauran hamsin na bar su a ganyensu. Takarda biyu: "Hanyar zamani", "Hanyar da". Iyayen nan sai sun ga amfanin kawo 'ya'yansu lakwal, makarantar boko.

Ina cikin ɗaure ledar sai na ji murya daga bencin baya: "Malama, zai yi gumi!"

Afra'u. Kwana bakwai ba ta ce uffan ba a aji, sai yau, kuma da Hausa. A aji ita kaɗai ke ce mini Malama, kowa Madam yake cewa. Sadi ya riga ni zuwa da katantanwar. Aji ya kwashe da dariya.

Na ɗora mata kula da kwandon ganye. Aikin ba ya buƙatar baki.

Lahadi, 17 ga Mayu

Na je Treichville gai da Inna. Na ba ta labarin gwajina tana tauna goronta. Ta dube ni ta ce, "Ruƙayya, ke da ko ɓara ba kya yi?" Na ce ilimi ba a baki yake ba. Ta ce to.

Wannan "to" ta Inna tana ba ni haushi tun ina yarinya.

Talata, 19 ga Mayu

Taswira ta yi kyau. Jan zare daga Anyama zuwa Adjamé, ya haura Bouaké, ya rabu: Bamako, Yamai, Kano. Na ce kowa ya soka allura a garin kakansa. Da yawa sai da suka tambayo a gida. Afra'u ba ta jira an karanta mata ba, ta soka tata daidai kan Tawa. Ban san yadda ta gane wurin ba.

Juma'a, 22 ga Mayu

Ruwan sama tun asuba, aji na ɗiga ta kusurwa biyu. An yi shifta, Afra'u ta ci sifili.

Talata, 26 ga Mayu

Tana zuwa kafin kowa. Yau na riske ta a ƙasa, ta baje goron a zaninta, tana juya kowanne a tafin hannu, tana shinshinawa. Ta zo da sabon ganye daga gida. Ta tsoma yatsu a kofi ta yarfa ruwa kaɗan. Ban ce ta yi duk wannan ba, amma ban hana ba. Gwaji sai da adalci, kar a ce na danne hanyar da.

Alhamis, 28 ga Mayu

Ta yi Faransanci! Da aka fita hutu ta zo gaban teburina, ta nuna gwangwanin, ta haɗa kalma uku na Faransanci da ƙyar, wai goron yana jin zafi. Yaran da ke ƙofa suka fashe. Na ce goro ba mutum ba ne da zai ji zafi, amma ta yi ƙoƙari, ta je ta yi wasa.

Ka ga aikin sambol. Na faɗa wa Direkta. Sai dai kalma uku ba sa kai mutum aji na gaba, CM1, wannan ma na faɗa masa.

Litinin, 1 ga Yuni

Sadi ya haddace jawabin kimiyya tsaf, har da inda zai ɗaga hannu.

Juma'a, 5 ga Yuni

Mun manna zane, mun share, mun jera benci. Murfin gwangwanin ya ɗan kumbura. Zafi ne, ƙarfe na buɗewa da zafi, mun yi wannan darasin a Maris.

Afra'u aka tashi da katantanwa a wuya, wai ta ce "wayyo" da benci ya danne mata yatsa. Sadi ya yi yawa, amma doka doka ce.

Asabar, 6 ga Yuni

Zan rubuta yadda aka yi, ba ƙari ba ragi.

Aji ya cika. Manyan riguna a bencin yara, gwiwoyi har haɓa. Alhaji Kailu a gaba, da wasu dillalan goro uku da ya gayyato don su ga abin da Malama ta gano. Lissafi ya tafi lafiya, taswira an tafa mata. Sai na ɗauko gwangwani, na yanke salatif, na ɓalle murfi.

Innalillahi. Warin ya riga ni magana. Ledar ta jiƙe sharkaf, goron ya yi baƙi, ya yi furfura, wani ya narke. Wata Hajiya ta ja mayafi ta toshe hanci. Da ma dariya suka yi da ya fi mini sauƙi. Shiru suka yi, irin shirun manya, kowa na kallon ƙasa.

Sadi kuwa, bawan Allah, ya ga an buɗe, sai ya miƙe ya fara: kamar yadda iyayenmu suke gani da idonsu, hanyar zamani ta fi... har da ɗaga hannun. Na ce ya zauna.

Alhaji Kailu ya yi gyaran murya. "Ba komai, Malama. Goro mai rai ne, numfashi yake." Don ya rufa mini asiri ya faɗa, shi ya fi ƙona ni.

Direkta ya ce, to ɗayan fa? Wa zai yi bayani?

Na kira Afra'u. Ta kawo kwandon ta buɗe ganye. Goro jajir, fari tas, kamar yau aka ɓare shi. Ɗaya daga cikin dillalan ya ɗauka ya ɓara, ya ji ƙarar, ya gyaɗa kai. Na ce ta yi bayani. Ta dube ni, ta kai hannu wuyanta. Katantanwar jiya tana nan, ta zo da ita a kan rigar sallarta, a gaban kawunta. Ban lura ba sai lokacin.

Na je na cire mata da hannuna. Na ce, "Faɗa da Hausa, Afra'u." Shekara tara ban yi Hausa a ɗakin nan ba.

Ashe yarinyar nan baki gare ta! Ta ce goro yana fitar da gumi, in ba inda gumin zai bi sai ya dafa kansa. Ganye yana riƙe sanyi, yana barin iska. Ruwa yarfawa ake, ba zubawa ba. Mai tabo a cire shi da wuri. Na sa Sadi ya juya wa waɗanda ba sa jin Hausa, ya yi ta tuntuɓe, ya ce a zuba ruwa da yawa. Ta katse shi da Faransanci: a'a, ba da yawa ba, kaɗan. Ashe tana ji. Tun yaushe take ji?

Sannan ta fito da littafinta. Bayan shafin shiftar da na zaba wa sifili, ta ja layi: kwanan wata, nawa ta duba, nawa ta cire, nawa suka rage, da zanen tabon kowanne. Hamsin, ta cire uku, saura arba'in da bakwai. Kwana ashirin da biyu, in ban da ranakun da ba makaranta, ba fashi. Ba wanda ya sa ta.

Alhaji Kailu ya karɓi littafin ya juya shi, ba ya karatun boko, amma ya daɗe yana kallo.

Kunya ta ishe ni. Sau biyu ta faɗa mini. Na farko na hukunta ta, na biyu na kore ta wasa.

Lahadi, 7 ga Yuni

Ban je Treichville ba. Labari ya riga ni, na sani, kuma ba zan iya jin "to" yau ba.

Litinin, 8 ga Yuni

Na wanke gwangwanin da kaina. Na sa aji ya rubuta abin da gwajin ya nuna, gaskiyarsa. Gwaji ai bai faɗi ba, ya ba da amsa. Haka na faɗa musu, kuma haka ne.

Juma'a, 19 ga Yuni

Taron malamai. Makin Afra'u bai kai ba, saura kaɗan, shifta ce ta ja ta ƙasa. Direkta ya ce, "Madam, me kika ce?" Na ajiye littafinta a tebur na ce ta wuce CM1, ni zan riƙa zama da ita safiyar Laraba har ta kamo. Wani ya ce ai yarinyar ba ta da Faransanci. Na ce shi nawa ne aikin, ba nata ba. Direkta ya sa hannu.

Na aika wa Alhaji Kailu. Ya aiko cewa Allah ya yi albarka, za ta dawo Oktoba.

Litinin, 22 ga Yuni

Sadi ya tambaye ni ina sambol, wai yara sun lalace, Hausa da Julanci ko'ina. Na ce na manta shi a gida. Gaskiya ne ma, yana gida, cikin aljihun jakar da na riƙe ran Asabar ɗin nan. Ban ce na daina ba. Ban dai ga lokacin ɗaukowa ba.

Da aka tashi Afra'u ta ajiye mini ɗan ƙunshin ganye a tebur, ta ce, "Naki ne, Malama," ta maimaita da Faransanci, ta ruga. Goro uku ne, farare.

Ni ba na cin goro. Zan kai wa Inna ran Lahadi. Kafin nan na ajiye su a inuwa, bayan randa, kuma na yarfa musu ruwa ɗazu. Kaɗan.