Koren Ƙofar Baba

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya raya mana su, ya ƙara muku rufin asiri. Mu nan ƙalau muke, sai dai idon Mama da ke ƙara rauni. Yanzu ba ta rabe fuska sai an yi magana, launi kawai take iya gani.

Auta, na yi ɓarna, kuma gara ki ji daga bakina. Kin san koren nan da marigayi Baba ya haɗa da hannunsa ya shafa wa ƙofar gida. Ya fara ɓarewa ta ƙasa, ni kuma da rawar kaina na ce zan sabunta shi in faranta wa Mama rai. Na kankare ƙofar tas, ban bar ko tafin hannu na tsohon fentin ba, wai ai kore kore ne. Na ɗauko ɗan ragowar da ke gwangwaninsa a shago, na ga ba zai isa ba, sai na tuttula masa sabon shuɗi da rawaya. Ya fito shar, yana kashe ido. Don in kwantar da shi na zuba baƙi, nan take ya mutu, ya koma kamar ruwan kwata. Yanzu babu samfurin koren Baba a ƙofa, babu a gwangwani.

Sai a lokacin maganganunsa suka riƙa dawo mini. Yakan ce ja da rawaya da shuɗi su ne iyaye, sauran launuka duk 'ya'yansu ne. Yakan ce a fara da mai haske, a riƙa ɗiga mai duhu kaɗan-kaɗan, kuma kada a yanke wa fenti hukunci sai an shafa a guntun katako ya bushe. Ke kina zaune kina juya masa da tsinke, ni ina tsaye ina ƙosawa, ina tsokanarki da Sarauniyar Gwangwani. Wallahi yau kunyar wannan tsokana nake ji. Mai fentin layinmu ya ce ba baƙi ake sa wa kore ba, ɗigon ja ne ke kwantar da shi bai kashe shi ba. To, wane ja, kuma ɗigo nawa? Na gwada sau bakwai, ban dace ba.

Shekaranjiya Mama ta dawo daga asibiti, ta wuce ƙofarmu har sau biyu. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ta yi da koren nan take gane gidanta. Likita kuwa ya ce ganin da ya rage mata ba zai daɗe ba.

Don Allah, in hannunki bai manta ba, ki haɗa shi, ki shafa a takarda mai kauri, ki bari ya bushe, ki aiko mini tare da awon. Wannan karon zan zauna in saurara.

Ki gaida maigidan naki da surukarki, ki shafa mini kan yara. Goggo da Kawu da matata suna gaishe ki. Mama ma tana gaishe ki, ta ce in gaya miki ta daina fita sai ƙofa ta dawo.

Naki yayanki,
wanda bai saurara ba