Fulin da Na Ɓoye Ƙarƙashin Teburin Aiki

Da sunan Allah nake farawa. Ni mahaifinku, mai gyaran babur, na rubuta wannan hankalina garau. Ƙafafu sun ƙi, ido ya daɗe da yin rauni, amma kai yana nan daram. Rabon gado Allah ya riga ya tsara shi, ba zan sa baki ba. Wannan magana ce tsakanina da ku uku: Dogo, Shiru da Auta.

1. Baburina mai bel, wato madaurin roba mai haƙora a madadin sarƙa, na ba Auta kyauta tun ina raye, a gaban mahaifiyarku. Auta, ki je aiki da shi, ki daina tsayuwar jiran mota. Na san ko sifana ba ki iya riƙewa ba, don haka duk wata uku yayyenki za su duba miki shi, su biyu tare.

2. Ga yadda za a duba, ko da kun ji har kun gaji. A kashe inji, a ɗaga tayar baya, a yi wa bel alama da alli. Ɗaya ya juya taya a hankali har alamar ta zagayo, ɗaya ya nemi tsaga a gindin haƙora, zare da ya fito a gefe, ko tsakuwa da ta huda. Kada a shafa masa mai. Sannan fuli, faifan ƙarfen da bel ke hawa: a bi haƙoransa da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya. In sun yi kaifi a canja shi, don zai cinye sabon bel kamar yadda ya cinye tsoho.

3. Wannan ce ta hana ni sukuni. Shekara huɗu ke nan da sabon bel da muka sa ya tsinke wa malamin makarantar nan a kan titi, ya faɗi ya karye a hannu. Dogo, ka tsaya a bakin gareji, a gaban mutane, ka ce Shiru ne ya ɗaure shi fiye da kima. Shiru ya kwashe sifanunsa ya tafi, har yau ba ku zauna a tabarma ɗaya ba.

Laifina ne. Ni na duba fulin da safiyar ranar, da ido kawai, na ce lafiya lau. A lokacin idona ya fara hazo, girman kai ya hana ni faɗa. Da aka dawo da babur ɗin na sa yatsa, haƙoran suka kusa yanka ni. Na cire fulin na naɗe shi a tsumma na tura cikin gwangwanin fenti ƙarƙashin teburin aiki, ina ji ana zagin ɗana na yi gum. Ina jin kunyar wannan ƙwarai.

Shiru, aikinka daidai yake, ka yafe mini. Dogo, bakinka ya fi hannunka sauri, a wajena ka gado, amma zuciyarka fara ce. Ka je gidan ƙanenka da ƙafarka, kada ka aika.

4. Ku sami malamin ku gaya masa gaskiya, ku roƙa mini gafararsa. Mutumin kirki ne, har yau a wajenmu yake gyara.

5. Gareji ya ishe ku ku biyu. Dogo ya iya mutane, Shiru ya iya ƙarfe. Wanda ya haɗa ku bai yi kuskure ba.

Ban damu ba sosai, don na san ƙugiyar da Shiru ke rataya rigar aikinsa har yau Dogo bai bari kowa ya taɓa ta ba. Kada ku jira sai an kai ni. Gobe da safe ku ciro gwangwanin, kowa ya sa yatsansa a haƙoran nan, sannan ku shigo ɗakina tare in gan ku da sauran idon da ya rage mini.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku a kan hanya. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe juna.