Muryarki a Ƙarƙashin Ruwan Tiga

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, a durƙushe kuma murya ƙasa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima, ya yalwata miki makwanci.

Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, addu'a ce kaɗai take isa. Haka Malam ya karantar da mu tun muna riƙe da allo, ban kuwa manta ba. Sai dai akwai maganar da ta tsaya mini a ƙirji yau kwana tara, kuma ke ce mai ita. An tambaye ni izinin da ba nawa ba ne, naki ne, ga shi ba kya nan. Shi ya sa na ce bari in jera miki abin daga farko kamar kina ji, ko na samu natsuwa a kan amsar da na bayar.

'Yata Walida ce ta tambaya, takwararki, wadda kike kira ƙawarki. Kin bar ta tana karatun kwamfuta. Ta gama, tana Kano, ita da abokan karatunta biyu sun haɗa wani wasa na waya, irin wanda yara ke kira gem. Na san da kina raye da kin ce, "Duk karatun nan a wasa ya ƙare?" Ni ma abin da na faɗa a zuciyata ke nan, na dai yi shiru.

Ta zo Ƙafin Maiyaki ranar Juma'a ta wancan makon, kafin su saki wasan ga jama'a. Bayan azahar muna zaune a tsakar gida ina gyaran zogale, ta miƙo mini wayar ta ce, "Mama, gwada mana. In dai kin iya, to babu wanda zai kasa a ƙasar nan." Kin san bakinta, a wurinki ta ɗauko.

Wasan na kamun kifi ne. Kwale-kwale a kan ruwa, kana tuƙi da yatsa, kana jefa birgi, ragar nan ta kamun kifi. Tun kafin ta faɗa na gane ruwan, dam ɗinmu ne na Tiga. Har kan busasshiyar kukar nan da ke leƙowa idan ruwa ya ja baya, wadda kike nuna mana da haɓa ki ce, "Can ne ƙofar gidan liman."

Ban kama kifi ko ɗaya ba. Amma Walida ta riƙa nuna mini abubuwan da suka ɓoye a ciki, wanda mai gaggawa ba zai gani ba. A cikin ciyawar bakin ruwa akwai maciji da ba ya lanƙwasa kamar na Allah, sai dai ya tafi a miƙe ya karya kwana, kamar wanda ke cikin ƙananan wayoyin nan na farko. Ta ce gaisuwa ce ga wasan da ya fara shiga hannunta, a wayar babanta. In ka matsa kusa da gaɓa akwai rumfar mai sayar da kaset, sak irin waɗanda muke wucewa a Kwanar Dangora, sarewa tana tashi daga ciki a hankali, irin ta finafinan Indiya da ƙannena ke satar fita kallo a gidan maƙwabta. Akwai rediyo rataye a reshen tsamiya, in ka taɓa ta sai ta shiga jero gaisuwa kamar shirin nan na gaishe-gaishe da kike saurara kina bandar kifi. Sunayen da take jerowa kuwa na malaman da suka karantar da su ne, tun daga firamare.

Walida ta ce ba su suka fara ba. Masu haɗa wasanni a duniya haka suke yi, sai mutum ya ɓoye alamar wanda ya riga shi, ko fim ɗin da ya tashi da shi, a lungun da ba a lura. Wanda ya sani ya yi murmushi, wanda bai sani ba ya wuce. Turawa suna da sunan da suke kiran abin, wani abu ne da ya shafi ƙwai, ban riƙe ba.

Na ajiye zogalen. Ni da na ɗauka abin shiririta ne, sai ga shi yaran nan suna yin abin da kike yi. Duk faifan da kika saƙa sai kin saka zare ja guda ɗaya a kusa da baki, kin ce alamar mahaifiyarki ce, don kada a ce ke kika koya wa kanki. Allah mai iko, ashe har a cikin waya mutum yana iya tunawa da wanda ya koya masa.

Daga nan Walida ta tashi duba tukunya, ta bar ni da wayar. Na lallaɓa kwale-kwalen har gindin kukar. Ina nan sai aka kira la'asar. Kin san ba na haɗa amsa kiran salla da komai, don haka na ɗauke yatsana, na ɗora wayar a kan tabarma, na amsa har ƙarshe, na yi addu'a.

Da na mai da ido, Inna, ruwan ya washe.

Ya yi garau kamar an tace shi, ana ganin ƙasa. Kwale-kwalen ya ɓace, hoton ya riƙa sauka a hankali, ya bi jikin kukar har saiwa. Sai ga gari. Ga zaure, ga rijiya da gugarta, ga turmi a kife, ga rumbu uku a jere, na tsakiya ya ɗan karkace. Ƙananan karfasa suna shiga ta ƙofar ɗaki suna fita ta taga. Babu mutum ko ɗaya, domin Walida ta san ba na son a zana siffar wanda ya rasu. Garin da na tashi ina jin labarinsa, wanda ban riƙe komai nasa ba don ban wuce shekara uku ba da muka baro shi, ga shi a tafin hannuna. Na ce subhanallahi, ban san sau nawa ba.

Sai na ji muryarki.

Kafin in gaya miki abin da na ji, bari in faɗi abin da ke da ni muka sani, wanda ba mu taɓa zama mun yi maganarsa ba. Ni ce 'yar fari. Shekara hamsin da ɗoriya ban taɓa jin sunana a bakinki ba. In an sauke tuwo sai ki ce wa ƙanwata, "Ce wa waccan ta zo ta ɗauka." Matar maƙwabcinmu mai suna irin nawa, har kika koma ga Allah "mai sunan waccan" kike kiranta. A ɗakin Iya, kakata ta wajen uba, na yi wayo. Ranar da za a kawo ni ɗakin aure kowa ya yi mini nasiha, ke kina bayan gida kina wanke tukunyar da an riga an wanke. Ban taɓa ganin laifinki ba, kunya ce, haka aka yi miki, haka matan garinmu suke. Amma ina yarinya nakan kwanta ina gwada yadda sunan zai fito da muryarki. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

A cikin wayar kina ba Walida labarin ranar tashi ne, ranar da aka tashe mu daga garin saboda dam, da 'yar dariyar nan taki. Kin ce motocin kwasar kaya sun zo tun hantsi. Iya ta shiga ta farko tana zaton ina wurinki, ke kina ta ƙarshe kina zaton ina wurinta. Sai da kuka fita bayan gari wata mata ta ce ai ta ga Iya ita kaɗai. Kin ce ba ki san lokacin da kika diro ba, da goyo a bayanki. Kika koma da gudu. Gari babu kowa, ƙofofi a buɗe, sai kajin da suka ƙi kamuwa.

"Na leƙa rijiya," kika ce, "na leƙa ɗakin Iya. Sai na tsaya a tsakar gida na duba gabas da yamma, na ga babu mai ji. Na buɗe baki na kira sunanta. Na kira, na kira, har muryata ta dushe."

Kin ce ban amsa ba. A ƙarƙashin rumbun tsakiya kika same ni, ina barci, na rungume ɗan tsako. Kika saɓe ni har mota, kika miƙa wa matar nan, kika juya baya kina gyara ɗankwali kamar ba abin da ya faru.

Sai muryar Walida, tana tsokanarki. "To tsohuwa, wane suna kika kira? Mu ji."

Kika ce, "Ke, ja'ira."

Ta ce, "Au, kin manta ne? Tsufa ya cinye?"

Sannan kika tambaye ta, "Abin nan na hannunki yana ɗauka?" Ta ce yana ɗauka. Ana jin zakara yana cara a bayanku. Sai kika faɗa. Sau ɗaya, a hankali, kika ja ƙarshensa kamar mai kiran yaro daga nesa.

Ban san Walida ta dawo ba sai da na ga ƙafafunta. Ta durƙusa a gabana. Ta ce shekara huɗu abin yana wayarta, tun ciwonki na ƙarshe, ta rasa yadda za ta ba ni. Sai ta ɓoye shi a inda sai wanda ya tsaya cik a gindin kukar, bai tuƙa ba bai jefa birgi ba, zai isa. "Na so in nuna miki kafin in koma," ta ce, "ban zaci za ki riga ni ba. Mun ba mutum fiye da ashirin sun gwada, babu wanda ya iya tsayawa." Ranar na makara la'asar, Allah ya yafe mini.

Da za ta tafi ta bar mini tambaya. Su bar muryarki a ciki, ko su cire? Ta ce in na ce a cire duka, har garin, za ta cire.

Abin da ya hana ni sakat ke nan. Zuciyata tana son a bari. Ina son wani yaro a Doguwa ko Tudun Wada, wanda kakarsa ita ma ta baro gida a ƙarƙashin ruwan nan, ya tsaya wata rana ya ga rijiyar. Kuma, in faɗi gaskiya tunda ke nake gaya wa, akwai wani ɓangare nawa da yake son duniya ta ji cewa kin kira ni. Na tsorata da wannan ɓangaren. Abin da kika rufe tsawon rayuwarki, har sai da kika duba gabas da yamma kafin ki furta, ina ni ina buɗe shi a wayar samarin da ke zaune a kan babur suna jiran fasinja?

Na tambayi malamarmu ta Islamiyya. Ta ce ba ta ga haramci a muryar dattijuwa tana ba da labari ba, amma maganar mamaci amana ce, in duba abin da mai ita za ta yarda da shi. Na dawo gida da tambayata kamar yadda na fita da ita.

Sai jiya da hantsi, ina shanya, na tsaya a kan abu ɗaya. Kin tambaya ko yana ɗauka. An ce miki yana ɗauka. Da kin so, da kin ce ta kashe, kamar yadda kike korarta duk lokacin da ta ɗaga waya za ta ɗauke ki hoto. Ba ki ce ba. Kin san hannun da abin yake, kin san ɗiyar wace ce. Ke da ba ki taɓa miƙo mini tuwo hannu da hannu ba, sai kin bi ta wani. Ashe wannan ma aike ne, Inna. Kin ba ƙawarki ta kawo mini.

To aike na wanda aka aiko wa ne. Na kira Walida yau da safe. Na ce su bar garin, su bar rijiyar da rumbunan, su bar labarin ranar tashi, domin ba namu ba ne mu kaɗai, mutane da yawa sun baro gida a ranakun nan. Amma su yanke a daidai inda kika ce mata ja'ira. Abin da ya biyo baya ta turo mini, ta goge a wurinsu. Ta ce, "Mama, ai nan ne wurin da ya fi." Na ce na sani. Ko a wannan takarda ban rubuta yadda kika faɗe shi ba, kuma ba zan rubuta ba.

In na yi kuskure wajen barin labarin, ki yafe mini. Ki yafe mini kuma yawan sauraren da na yi tun da ta turo mini, don na wuce ƙima.

Saura abu ɗaya. Kin ce kin kira har muryarki ta dushe, ban amsa ba. Barci nake yi, ban ji ba. Yanzu na ji.

Na'am, Inna. Ga ni.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya haɗa ki da mahaifiyarki da Iya da duk mutanen tsohon gari a gidan da ba a tashi. Ya shirya mana Walida da abokan aikinta, ya sa abin da suka haɗa kada ya shagaltar da kowa daga salla. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.

'Yarki ta fari,
Sa'adatu
Ƙafin Maiyaki