Mangwaron Ƙofar Gidanmu

Uwata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan aikin asibiti bai gama da ƙafafunki ba. Mu lafiya lau, in ban da kwatar layinmu da ke shigo mana ɗaki duk damina ba ko sallama.

Kin dame ni cewa tun rasuwar mahaifiyarki daga ni sai keken ɗinki a gindin mangwaro. To, na shiga ƙungiyar unguwa. Ranar farko na miƙe na yi jawabi, ni da na gudu daga makaranta tun ba a kai ga lissafin rabawa ba. Na ce duk abin da ya tare ruwa, ko na uban waye, a kawar da shi. Tsohon Soja ya yi ta tafi har hularsa ta faɗi. Nan take aka naɗa ni shugaban kwata. Daga yau ki riƙa gaishe ni da ladabi.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

Baba,

Ranka ya daɗe, shugaban kwata! Ina gaisuwa. Na ji daɗi da ka shiga mutane, amma don Allah a rage cika baki. Mangwaron Mama ya yi fure? Na farkon nuna nawa ne.

Ka huta lafiya.
'Yarka

Uwata,

Ina gaishe ki. Zauna kafin ki karanta.

An fara tonon kwata. Mun rushe dakalin Mai Shago, mun cire rumfar Mai Wanki, ni ne a gaba da tef ɗin awo a wuya kamar injiniya. Da aka iso ƙofarmu sai masu tono suka tsaya suna kallona. Ashe saiwar mangwaron ce ta fasa kwatar, ta toshe ta.

A taro na ce ko za a ɗan karkata da hanyar ruwan. Mai Shago ya ce, "Haba Tela, ko na uban waye ka ce. Dakalina ma ubana ne ya gina shi." Na ce ai wannan ba na ubana ba ne, matata ce ta shuka. Aka yi dariya, ni ma na taya su. Sannan aka ɗaga hannu. Nawa kaɗai ya zauna a cinya.

Ki yi mini addu'a.
Babanki

Baba,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Ka fita daga ƙungiyar nan yau. Ko ka roƙe su su jira in sami hutu. Gidan nan me ya rage na Mama ban da itacen?

Na bar ka lafiya.
'Yarka

Uwata,

Gaisuwa. Na roƙa, har gida-gida. Matar Mai Wanki ta nuna mini katifar 'ya'yanta da ruwan kwata ya jiƙa, a shanye bisa katanga. Na dawo.

An sare jiya. Ni aka ba igiya in riƙe, wai girmamawa ce ga shugaba. Ruwa na wucewa sumul, kowa na sa mini albarka, ina ta amsa amin.

Na shigar da keken ciki, rana ta yi yawa a ƙofa. In kin zo, ki duba ƙofa mai shuɗin fenti. Kada ki nemi inuwa, za ki wuce gidan.

Allah ya kawo ki lafiya.
Babanki